Me za mu kira "rol" a rumbun ajiyar bayanai? Ni dai na ce rawani

Ƴan uwa masu aikin kwamfuta, kalma guda ta hana ni sakat tun makon jiya. A wani buro nan Tawa aka kira ni in gyara musu akwatin ajiya mai faifai huɗu, wanda duk kwamfutocin gidan ke zuba dosiye a cikinsa. Akwatin bai ba ni wuya wajen suna ba: rumbu ne, ko yaron Adar ya san aikinsa. Na tarar da kalmar sirrin babban mai kula rubuce a guntuwar takarda, an manna ta jikin bango da salatif, kowa da ita yake shiga. Ta haka wani yaro mai koyon aiki ya share rasit na wata uku ba da niyya ba. Da na zo yi wa Alhaji mai gidan bayanin abin da Faransawa ke kira "rol", sai bakina ya tsaya.

Ga yadda abin yake. Tsarin Unix, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta, ya raba izini uku: karantawa, rubutawa, zartarwa, ana ba mai abu, da rukuninsa, da sauran jama'a. Amma in ma'aikata sun yi yawa, bin kowa ɗaya ɗaya wahala ce. Shi ya sa a 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka suka tsara a rataya izini a jikin muƙami, sannan a ba mutum muƙamin. Wannan muƙamin shi ne "rol".

Wani abokin aikina a Yamai ya ce mu ce "matsayi". Ban ƙi ba, sai dai matsayi na nuna wa ya fi wa, alhali mai duba lissafi da mai shigar da rasit babu na sama da wani, ƙofofinsu ne daban. "Rawa" kuwa, ta "taka rawa", kada ma a fara.

Ni dai na zaɓi "rawani", don ya zo da fi'ilansa. Ana naɗa shi, ana tuɓe shi. Ikon Sarkin Kasuwa ba na jininsa ba ne, na rawanin ne. Ran da aka tuɓe shi, wanda ya gaje shi ya ɗauki ikon cif, ba ƙari ba ragi. Na ce, "Alhaji, yaron nan rawanin mai karatu kaɗai za a naɗa masa, ya gani amma kada ya taɓa. Sakatare in ya bar aiki, ranar za a tuɓe nasa." Alhaji ya gyara zama ya ce, "To babban rawanin fa, kan wa yake?" Na san ya gane. Muka bar shi ga mutum biyu kacal.

Na yarda akwai gibi: kai ɗaya rawani ɗaya yake ɗauka, a rumbun kuwa mutum na iya riƙe biyu ko uku. Wata ƴar uwa kuma ta tuna mini mata ba su sa rawani. Gaskiyarta, amma Magajiya ma naɗa ta ake yi.

Saura "kont", wato suna da kalmar sirrin da kowane ma'aikaci ke shiga da su. "Asusu" da ake gani a wayoyi kuɗi yake kawo mini a rai. Na fara gwada "gurbi" a takardar da na bar musu, ina jiran in ji naku.