Famfon kaɗa ruwa a babban tankin murjani: kowa ya faɗi abin da ya gani

Sabon Shiga, Abuja

Assalamu alaikum jama'a. Shekara biyu ina riƙe da ƙaramin tanki mai lita 200, yanzu na yi ta maza na sa an haɗa mini babba: tsawo mita 2, faɗi santimita 70, zurfi 60, wato lita 840 ke nan kafin a jera duwatsu. Kaurin gilashin milimita 19. Niyyata in dasa murjani mai rai na ruwan teku: Acropora, mai tauri mai rassa, a saman duwatsu, irin su Euphyllia, masu dogon gashi mai laushi, kuma a ƙasa. Famfon da ke dawo da ruwa daga tankin tacewa da ke ƙasa na riga na saya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne famfunan da za su riƙa kaɗa ruwan cikin babban tankin. Mai shago ya ce in ɗauki ƙato guda ɗaya in huta, amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa riƙe tanki mai wannan girma, don Allah ya gaya mini abin da ya gani da idonsa.

Bakano Mai Murjani

Wa alaikumus salam. Malam, shawarar mai shagon nan ita na bi da farko, kuma na ji a jikina. Nawa lita 700 ne. Na manna ƙaton famfo ɗaya a gefen dama, na buɗe shi iya ƙarfinsa. Kafin gari ya waye ya kwashe yashin ɗaya ɓangaren kaf, gilashin ƙasa ya fito fili, yashin ya taru a lungu kamar an sauke tifa. Murjanin da ke daidai bakin famfon kuwa, cikin mako guda naman gefe ɗaya ya saluɓe, sai farin ƙashi. Bayan duwatsu kuma ruwa ko motsi ba ya yi, kashin kifi da ragowar abinci suka kwanta a wurin, jar gansakukar nan mai yauƙi ta shimfiɗu a kai.

Lissafin da masu wannan harka ke yi a ƙiyasce shi ne: murjani mai laushi yana son ruwan tanki ya juya kamar sau 10 zuwa 20 a awa, Acropora da danginsa sau 40, wasu har su wuce 50. Naka in ka ɗauki sau 40, lita 33,600 ke nan a awa. To ka raba wannan adadi gida uku ko huɗu. Ni yanzu huɗu gare ni, biyu kowane gefe suna fuskantar juna, babu wanda nake kaiwa ƙarshen ƙarfinsa. Inda ruwansu ya yi karo a tsakiya sai ya tarwatse ta ko'ina, kuma a nan ne murjanina ya fi yin kyau.

Injiniya, Zariya

Ƙari a kan na Bakano: kada ka sa famfon dawo da ruwa cikin wannan lissafi. Lambar da ke jikin kwalinsa ta lokacin da ba ya tura ruwa sama ce. Da zarar ya hau mita ɗaya da rabi ta cikin bututu mai lanƙwasa, ƙarfinsa ya ragu sosai. Aikinsa dawo da ruwa daga wurin tacewa ne.

Abu na biyu, gilashinka. Duk waɗannan famfuna da maganaɗisu suke manne, kuma kowanne da iyakar kaurin da zai iya riƙewa. VorTech MP40 na kamfanin EcoTech na Amurka iyakarsa milimita 19 ne, wato kana bakin gaɓa daidai. MP60 shi ne ke kaiwa kusan milimita 25. Ka tabbatar da wannan kafin ka biya kuɗi. Sannan ka duba wuta. Tamu 50 Hz ce a kan bolt 230, ta Amurka 60 Hz a kan 120. Famfon DC mai adafta wadda ke karɓar 100 zuwa 240 ba ruwansa da wannan, amma tsohon samfurin AC da aka ƙera don Amurka kada ka kuskura ka jona shi kai tsaye.

Ɗan Jidda

Ni matsalata zafi ce. Duk famfon da injinsa ke cikin ruwa, wutar da ya ci a ƙarshe zafi take komawa, kuma ruwanka ne zai sha shi. Murjani yana son digiri 25 zuwa 26. Lokacin da nake da famfuna biyar duk a nutse, na'urar sanyaya ruwa ba ta hutawa da rani. Abin da ya ja ni zuwa VorTech ke nan: injin yana waje manne da gilashi, farfela kaɗai ke ciki, babu waya a ruwa. Sai dai ba ya juyuwa, inda gilashi ya fuskanta nan zai hura, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Shi ya sa na haɗa da Tunze guda ɗaya, na Jamus, wanda ake karkata kansa yadda aka so. Shi na cusa bayan duwatsu.

Hajiya Mai Tanki, Kaduna

Duk kuna maganar ƙarfi da suna, ni bari in faɗi abin da ya sa ni kuka. Mun tafi biki Funtuwa, aka ɗauke wuta da daddare, yaron gida ya yi barci bai tada janareta ba. Awa bakwai ruwa na tsaye, ga zafin watan Afrilu. Da muka dawo, manyan kifaye uku sun mutu, sauran suna saman ruwa suna haki. Yawancin murjanin ya tsira, kifin ne ya fara tafiya, domin ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, kuma in fuskar ruwa ta daina motsi iskar ba ta shiga.

Fitila ta mutu kwana biyu ba komai. Famfo kuwa a'a. Don haka, ƙanena, tambayar farko da za ka yi wa mai shago ita ce: wannan famfon zai yi aiki da batir? Ni yanzu guda ɗaya na ware, na ɗaga shi kusa da saman ruwa, yana kan batirinsa na kansa wanda ba ya haɗe da inbatar gida. Ko inbata ta kashe kanta, shi yana nan yana kaɗa fuskar ruwa a hankali. EcoTech suna da batirin da suka yi wa nasu, Tunze kuma suna da 'yar mahaɗar da ke komawa kan batir da kanta in wuta ta tafi.

Bakano Mai Murjani

Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Wallahi wannan ta fi duk abin da na faɗa.

Mai Lalube, Kumasi

Ni dai zan saɓa wa Ɗan Jidda kaɗan. Ba kowa ke da kuɗin waɗancan ba. Shekara huɗu ina amfani da masu araha na Sin, kuma Acropora ɗina bai taɓa tambayata sunan kamfani ba. Gaskiya ɗaya ya taɓa mutuwa, maganaɗisunsa ya kumbura ya tsage robar, na ga tsatsa-tsatsa a jiki na cire shi da sauri. Tun daga nan kullum akwai sabo a kwali a ajiye. Kuɗin mai tsada guda ya saya mini uku har da canji. Abin da zan ce ka lura da shi, kana ciro famfo ka shafa bayan maganaɗisun da yatsa. In ka ji tudu, ya gama aiki.

Ga tanki mai mita 2 kuma ka duba irin dogayen nan masu kama da gora, wato Gyre na kamfanin Maxspect ko ReefWave na kamfanin Red Sea. Su ba sa harba ruwa kamar tiyo, shimfiɗa shi suke yi kamar tabarma, ya bi saman tanki har ƙarshe, ya gangara, ya dawo ta ƙasa. Suna son wanki akai-akai, in ka yi sakaci ƙarfinsu zai ragu ba ka sani ba.

Hajiya Mai Tanki, Kaduna

Wankin ma ba wuya. Garin sitirik asid, ɗan tsamin nan da ake sa wa lemo, shi nake damawa da ruwa a bokiti in bar famfon yana juyawa a ciki kamar awa ɗaya. Ɓawon allin da ya daskare sai ya yi laushi, in goge da tsohon buroshin haƙori, in ɗauraye sosai. Kuma in za ka sa anemoni, halittar tekun nan mai laushi mai kama da fure, ka rufe bakin famfo da soso ko raga. Anemoni tafiya yake yi da dare, in farfela ta kama shi za ka tarar da ruwa fari fat kamar an zuba madara.

Na Fot Sudan

Ni ba ni da babban tanki, amma na sha nutso a Sanganeb, tsibirin murjanin da ke gaban garinmu a Bahar Maliya. Abin da na lura, a saman tudun inda igiya ke karyewa, ruwa yana tura ka gaba ya dawo da kai baya, ba ya tsayawa a fuska ɗaya, kuma a nan masu rassa suke cunkushe. Kana gangarawa ƙasa sai motsin ya lafa, ka fara ganin masu faɗi da masu laushi. In famfonka yana da tsarin da ƙarfinsa ke hawa da sauka da kansa, shi za ka kunna. Euphyllia ɗinka ka ajiye shi inda gashinsa zai riƙa rangaji. In ka ga ya kwanta gefe ɗaya kamar ciyawa a guguwa, ruwan ya yi masa yawa.

Sabon Shiga, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na fasa ƙaton. Zan sa dogo ɗaya a sama ta gefen hagu, guda biyu masu farfela ta dama, ƙarami ɗaya bayan duwatsu, kuma ɗaya daga cikin na daman zai hau batir kamar yadda Hajiya ta ce. Injiniya, na sa ma'auni a gilashin da yammar nan, 19 ne cif, amma gefe ɗaya akwai baƙar takarda da aka manna ta waje. Ita ma tana shiga lissafin kaurin, ko in yanke ta daidai inda maganaɗisun zai zauna?

Injiniya, Zariya

Yanke ta. Tunda kana bakin iyaka, ko rabin milimita ba ka da shi na kyauta. Kuma in VorTech ne, ka ɗaure wayar injin da ke waje a sama da maɗauri, don ko ya saki kada ya faɗo ƙasa.