Muhawara: Fayba Ce Ta Gyara Sautin, Ko Kunnen Alhaji Ne?

Alhaji: Jama'a, na cire wayar tagulla da ke tsakanin rauta (akwatin da ke rarraba intanet a gida) da na'urar da ke jawo mini waƙa daga intanet, na sa fayba, wato wayar da haske ke bi ta cikinta, da 'yan akwatuna biyu masu juya sigina zuwa haske. Wallahi sautin ya washe, har kaɗin kalangu nake ji daban.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ban ƙaryata kunnenka ba, amma abin da ke bin wayar nan lambobi ne, sifili da ɗaya. Kowane ƙunshin lambobin yana tafe da lissafin tantancewa. In ya lalace a hanya a jefar da shi, a sake aiko wani. Na'urar ma tara su take yi kafin ta kunna. Waƙa mai ingancin faifan CD kilobit 1,411 take ci a daƙiƙa, wayar kuwa tana ɗaukar megabit 1,000. Ina cunkoson yake?

Mai gyaran rediyo: Injiniya, ka tsaya kan lambobi ka manta da wuta. Haske ba ya ɗaukar lantarki, don haka duk dattin da cajar rauta ko inbata ke zubarwa ba zai tsallaka ba. Na sha kashe ƙugin amfilifaya da 'yar wayar haske ta kayan sauti, TOSLINK, wadda Toshiba ta fitar tun 1983.

Injiniya: Wannan daban, Malam, sauti take ɗauka kai tsaye. Ramin wayar intanet kuwa da 'yar taransifomarsa a ciki mai raba wutar ɓangarorin biyu, an ƙera ta ta jure bolt 1,500. Sai in wayar mai rigar ƙarfe ce, ita ce ke haɗa jikin na'urori biyu ta kawo ƙugi. Sannan akwatin da Alhaji ya ajiye kusa da kayan sautinsa, da wace caja yake aiki? Ta araha. An kori datti ta ƙofa, ya dawo ta taga.

Hajiya: Ni dai damina ce ta sa na sayi fayba. Tsawa ta biyo waya ta ƙona mana rauta da talabijin dare ɗaya. Kuma tagulla iyakarta mita 100, ɗakin baƙi ya fi haka nisa.

Injiniya: Hajiya, a nan ba ni da ja.

Alhaji: Wato ni kaɗai ne na yi asarar kuɗi?

Mai gyaran rediyo: A gwada mana. Ka juya baya, yaronka ya riƙa sauya wayoyin sau 10 ba tare da ya faɗa ba, ƙarfin murya ɗaya. In ka canka 9, Injiniya zai saya mana tsire.

Alhaji: Ku zo ranar Asabar bayan la'asar. Injiniya, ka taho da kuɗinka.