Sifirin ɗin tsohuwar Land Rover ya karye: in kai wa mai walda ko in canja a gida?

Baban Ummi, Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙarfe. Ina da tsohuwar Land Rover doguwa, Series III ƙirar 1979, gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Da ita nake zirga-zirgar gona a wajen Tudun Wada. Ranar Asabar na loda mata taki buhu 24, muka sauka daga kwalta muka kama burji, sai na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Na ji "ƙas" ta baya kamar an karya rake. Da ƙyar muka lallaɓo gida. Yaron da ya biyo ni a babur ya ce tafiyar kare take yi, gaba daban baya daban, kuma ga shi ta zauna ta gefen direba.

Na shiga ƙarƙashinta da tocila. Falle takwas ne a sifirin ɗin baya. Babban, mai ido a kowane ƙarshe, ban ga komai a jikinsa ba. Na biyu da na uku ne suka rabu daidai tsakiya, har rabin na ukun ya zamo waje na zare shi da hannu. Bakin karayar launi biyu ne: wajen rabi baƙi ƙirin da tsatsa, sauran fari tas yana ƙyalli kamar an fasa dutse.

Mai waldan layinmu ya ce in kawo ya liƙe min cikin awa ɗaya. Sabon sifirin sukutum kuwa ya fi ƙarfin aljihuna a daminar nan. Ina da jak da sifanu, ga ƙanina zai kama min. In yarda da waldar, ko akwai yadda zan yi a gida?

Oga Ɗanladi makanike:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya tsare gaba. Maganar walda ka ajiye ta gefe tukuna, bari in fara da abin da ƙarfen nan ya gaya maka da bakinsa. Wannan baƙin da ka gani tsohuwar tsaga ce, ta daɗe tana cin falle a hankali, ruwa na shiga yana tsatsa. Farin shi ne abin da ya rage, shi ramin ya ƙarasa ranar Asabar. Ramin ya tarar da aiki ne an kusa gamawa.

Sannan inda ya karye ma magana ce. Tsakiyar sifirin, wajen hudar santa-bol, wato kusar da ta ratsa fallayen ta haɗa su, bai kamata ya motsa ba sam, domin yu-bol biyu, ƙarafan nan masu siffar U, sun matse shi da aksil, ƙarfen da tayoyin ke jikinsa. In ka ga falle ya tsage ta wannan huda, to yu-bol ɗinka sun daɗe da saki, sifirin yana lanƙwasawa a inda ya fi rauni. Tafiyar karen kuma santa-bol ne ya guntule. Kansa ne ke shiga wani ɗan rami a jikin aksil ya riƙe shi a mazauninsa. Da ya tafi, aksil ya ja baya ta gefe ɗaya. Kada ka hau titi da ita, ko nan da Kabuga.

Sani mai walda:
Oga Ɗanladi, a yi mana adalci. Na liƙe sifirin ɗin amalanke da na tirelar tarakta ba adadi, suna nan suna aiki.

Oga Ɗanladi makanike:
Malam Sani, amalanke ba ta gudun 80 da iyali a ciki. Tsakaninka da Allah, in motarka ce za ka liƙa ka ɗauki 'ya'yanka?

Sani mai walda:
Gaskiya a'a. In mutum ya maƙale a daji zan ɗana masa ya iso gari, amma nakan ce masa ya canja. Kuma abin da na lura, ba kan waldar yake sake karyewa ba, gefenta ne.

Injiniya Bashir, Hotoro:
Abin da Malam Sani ya lura da shi shi ne gaba ɗayan zancen. Ƙarfen sifirin ba irin rodi ko ƙarfen ƙofa ba ne. Sinadarin kabon a cikinsa ya kai wajen kashi 0.6 cikin ɗari, ninki biyu ko uku na ƙarfen da ake walda da shi kullum. A masana'anta ana gasa shi ya yi ja, a tsoma a mai, sannan a sake ɗumama shi a zafin da bai kai na farko ba, wajen digiri 400 zuwa 500. Wannan horon ne ke sa ya lanƙwasa ya dawo. Wutar walda kuwa narkar da ƙarfe take yi, ta haura digiri 1,500. Dab da ɗinkin, ƙarfen kan huce da sauri ya yi tauri kamar gilashi, ɗan gaba kaɗan kuma ya yi laushi ya rasa horonsa. Wurin da ke lanƙwasawa sau dubbai a tafiya ɗaya ba zai jure wannan ba.

Haka zancen yake ga masu gasa falle da wutar gas wai su dawo masa da doronsa. Ranar za ka ga mota ta miƙe gwanin sha'awa, bayan 'yan makonni ta koma ta zauna fiye da da.

Ina da magana kuma, Alhaji: buhu 24 na kilo hamsin-hamsin kilo 1,200 ke nan. Doguwar Land Rover irin taka ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba, balle a kan burji.

Baban Ummi, Rijiyar Zaki:
Injiniya ka kama ni. Sawu biyu na so in mayar ɗaya saboda tsadar mai. To yanzu Oga, in ba walda, falle biyun kawai zan canja?

Oga Ɗanladi makanike:
Za ka iya, in babban fallen na da lafiya. Amma ba za ka sani ba sai ka sauke sifirin ɗin ka warware shi falle-falle. Ka wanke da kananzir, ka goge da burushin waya, ka duba kowanne a rana, musamman kewayen huda, da gindin ido, da inda bakin ƙaramin falle ya ci rami a cikin na samansa. Ka rataye falle da igiya ka ƙwanƙwasa da sifana: mai lafiya zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga sai ka ji "ƙwaf". In ka sami fiye da uku da matsala, ko babban ya tsage, daina wahalar da kanka, nemi sifirin guda.

Ka ɗauki karyayyun ka tafi da su Ƙofar Ruwa, kada ka je da baki kawai. Faɗin na Land Rover inci biyu da rabi ne. Za a miƙo maka na Land Cruiser a ce duk ɗaya ne, alhali ya fi faɗi, ba zai zauna tsakanin yu-bol ɗinka ba. Ka gwada faɗi, kauri, doro, da nisan huda zuwa kowane baki. In ya ɗan fi tsawo ana iya rage shi da giranda, a hankali ana zuba ruwa kada ya yi shuɗi, a kuma dadashe bakin. Amma kada ka karɓi wanda sai an yi masa sabuwar huda, kuma kada kowa ya huda maka da wutar walda. Falle na biyu ka kula da shi sosai: duba ko naka bakinsa ya naɗo idon babban. In haka ne, irinsa za ka nema, don shi ke riƙe aksil ranar da babban ya karye.

Ka sayo sabon santa-bol, sababbin yu-bol da notocinsu, da bushin, wato robar da ke cikin idon sifirin. Tsohon yu-bol ya riga ya miƙe, zarensa ya gaji, in ka mayar da shi ka koma gidan jiya. Kuma ka tafi da tsohon noti a aljihu, motocin nan da yawan notocinsu awon inci ne, sifanar milimita cinye musu kai take yi.

Maman Walid, Gwammaja:
Ni ban san sifirin ba, amma don Allah Baban Ummi kada ka ɗora motar nan a kan bulon siminti. Wani maƙwabcinmu haka ya yi da motar ɗaukar kayansa, yana ƙarƙashi bulon ya ruguje ba ko gargaɗi. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau hannunsa na dama bai koma daidai ba. Kuma a kore yara daga wajen, ka san su da son leƙe.

Baba Direba, Kurna:
Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Ɗana, shekara ashirin da wani abu na yi ina jan irin motar nan lokacin ina aikin gwamnati, daga Rano har dajin Falgore babu inda ba mu shiga ba. Bari in gaya maka abin da yaran yanzu ba su sani ba. Birkin hannun Land Rover ba tayoyi yake kamawa ba, farfela yake kamawa a bayan giya. Da zarar ka ɗaga tayar baya ɗaya, ɗayar ta sami 'yanci, mota za ta iya gangarawa alhali birkin hannu na sama. Don haka ka ja jan sandar nan baya ta shiga ƙaramin giya, ƙafa huɗu su ɗauru, ka sa giya ɗaya, sannan ka sa weji gaba da bayan tayoyin gaba duka biyun. Weji na katako, ba dutsen da ka tsinta a kwata ba.

Casis, wato ƙashin da jikin mota ke zaune a kai, za ka tokare, ba aksil ba, da jakin tsaye na ƙarfe ko guntayen katako masu kauri a jere gicciye. In ƙofar gidanka ƙasa ce, damina ce yanzu, shimfiɗa faffaɗan katako tukuna. Jak ɗinka kuma ya zauna ƙarƙashin aksil, da shi za ka riƙa ɗagawa da saukewa har ka ji sifirin ya saki nauyi. Kana yi kana kallon tiyon birki, kada aksil ya rataya a kansa.

A zamaninmu in ya karye a daji, ɗaga mota muke yi mu cusa guntun icce tsakanin aksil da casis, mu naɗe sifirin da tsohon tub, mu taho kamar masu rakiyar amarya. Wannan na isowa gida ne kawai.

Oga Ɗanladi makanike:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Tun daren yau ka jiƙa duk notocin da kananzir haɗe da ɗan baƙin mai. Kusoshin da ke rataye sifirin ta baya, a wannan motar suna da zare a cikin farantin kansa, bayan notin da ke waje. In ka cire noti ka hau duka da guduma, zaren za ka kashe. Kwance ta za ka yi. In ta manne da bushin ta ƙi juyawa, zarton ƙarfe ne maganinta, ka sayi sabuwa.

Ɗaya gefen da za ka buɗe don dubawa, kafin ka kwance santa-bol ka matse fallayen da abin matse katako na kafintoci, hagu da dama, sannan ka sassauta a hankali. Akwai ƙarfi a ɗaure a wurin, yana iya tsalle ya same ka a fuska. Wajen haɗawa ma haka: matsewar ce za ta haɗa su, ba santa-bol ba, shi bai da ƙarfin jawo falle takwas.

Sai babban kuskuren masu gyara a gida: ɗaure kusoshin ido tam mota na sama. Robar bushin a manne take da ƙarfenta, in ka ɗaure a rataye sannan ka sauke, ta murɗe ke nan tun kafin ka tashi mota, wata biyu ta yage. Ka bar su sako-sako, ka sauke mota a kan tayoyinta, ka ɗora buhu uku ko huɗu, ku girgiza ta kai da ƙaninka, sannan ka ɗaure. Notocin yu-bol kuma a gicciye ake ɗaure su, kaɗan-kaɗan, har huɗun su yi daidai.

Injiniya Bashir, Hotoro:
Kada a cika giris tsakanin fallayen. Ƙurar Kano in ta haɗu da giris samfefa take zama. Shafawa kaɗan don tsatsa ta isa.

Baba Direba, Kurna:
Mu dai baƙin mai muke shafawa da gashin kaza duk bayan damina, ba mu ga ta'adi ba. Amma ku ne masu boko. Abu ɗaya na manta: sifirin ɗin gefen direba da na ɗaya gefen ba lallai doronsu ya zo ɗaya ba, haka kamfani ya yi wasu. In ka sauke biyun ka yi musu alama da fenti, kada ka musanya.

Baban Ummi, Rijiyar Zaki:
Jama'a na dawo da labari, Allah ya saka da alheri. Kwana biyu muka yi, ba awa ɗaya ba. Yadda Oga ya faɗa haka na tarar: notin yu-bol ɗaya da yatsa na kwance shi, santa-bol kuwa gida biyu ya fito. Da na rataye fallayen ina ƙwanƙwasawa, na biyar ya ce "ƙwaf", na goge sai ga tsaga siririya kamar gashi ta fito daga huda. Uku na canja ke nan. Sai da na zaga rumfa shida a Ƙofar Ruwa kafin na sami na biyun mai naɗaɗɗen baki. Kusa ɗaya ta ƙi fita, muka ci ƙarfen zarto uku a kanta, ƙanina har ya yi rantsuwar ba zai ƙara gadon mota ba.

Na buɗe ɗaya gefen, fallayen lafiya, amma na sa masa sababbin yu-bol shi ma. Yanzu tafiyarta sak. Sai dai gefen da na gyara ya fi ɗayan tsayi da kamar yatsa ɗaya, ban sani ba ko matsala ce. Karyayyun kuwa wani maƙeri a Kurmi ya karɓa, ya ce adda biyu da wuƙar fawa za su fito.

Oga Ɗanladi makanike:
Yatsa ɗaya ba komai, zai zauna in ya ɗauki kaya. Ka je gona ka dawo sau ɗaya, buhu 12 ba 24 ba, sannan ka sake bin notocin yu-bol ɗin nan takwas da sifana tun kafin ka sha ruwa, za ka ga sun karɓi ɗauri. Bayan mako biyu ka ƙara. Adda ɗaya kuma tawa ce.