Neman shawara: mastas a adabin Turanci, a gida ko a waje?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan hanya. Na yi digirin farko a Turanci, na fita da 2:1, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. Ina da aure da yaro ɗaya, kuma maigida ya amince in ci gaba da karatu. Burina in koyar da adabi a jami'a. Abin da nake son nazari shi ne yadda ake siffanta mace a ƙagaggun labaran da 'yan Arewa suka rubuta da Turanci, in kwatanta da littattafan Hausa na marubuta mata. Wasu na cewa in sayi fam a gida kawai, wasu na cewa ɓata lokaci ne, in nemi waje. Kuɗin biyan makarantar waje dai babu. Sannan ban sani ba ko sashen Turanci zai yarda in haɗa da littattafan Hausa. Don Allah a haska mini.

Wani malamin jami'a:
Wa alaikis salam 'yata. Sharuɗɗan gida kin cika su. Galibin jami'o'inmu 2:2 ce mafi ƙarancin abin da suke nema, da takardar bautar ƙasa, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci, kuma masu adabi sukan so ganin kiredit a adabin. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna da sashen Turanci da nazarin adabi, Ibadan ma tsohuwar hannu ce a fannin. Ki nemi turanskirif ɗinki, wato takardar makin darussan digirinki, tun yau, kada ki jira a fara sayar da fam.

Amma take nake so mu tsaya a kai. "Yadda ake siffanta mace" an yi shi an maimaita, har kantocin laburaren sashe sun gaji da ɗaukarsa. Idan kika kawo mini shi haka, tambayar farko da zan yi miki ita ce: me za ki faɗa wanda ba a faɗa ba? Ki matse shi. Misali, ki ɗauki zawarci kaɗai. Me ya sa bazawara a littafin Hausa takan yi magana da bakinta, da wa take magana, wa marubuciyar ke tsammanin zai karanta? Shin wanda ya rubuta da Turanci, yana tunanin mai karatu a Legas ko Landan, yakan tsaya yi wa baƙo bayanin idda da zaman gidan iyaye, har labarin ya sauya kama? Wannan tambaya ce mai amsa, kuma ana iya yi miki gardama a kanta. Mastas kenan. A digirin farko an bar ku kuna jera jigo da salo da zubi da tsari. A nan za a ce ki ɗauki ra'i guda, na bayan mulkin mallaka ko na nazarin jinsi, ki karanta masu shi da kansu, ba taƙaitawar da ake sayarwa a shagon fotokwafi ba.

Wata ɗalibar digirin digirgir a Amurka:
Abin da Baba ya faɗa kan take, shi ne kuma mabuɗin waje, sai ki riƙe shi da kyau ƙanwata. Bari in gyara wata fahimta: a Amurka ba a cika biyan kuɗi don digirin digirgir na adabin Turanci ba. Sashen da ya ɗauke ki yakan yafe kuɗin makaranta, ya ba ki alawus, ke kuma ki koyar, yawanci darasin rubutu ga 'yan aji ɗaya. Shekara biyar zuwa shida ake yi. Da yawa suna karɓar mai digirin farko kai tsaye, a yi mastas ɗin a hanya. Mastas mai zaman kansa shi ne tallafinsa ya yi ƙaranci, duk da akwai jami'o'in jihohi da ke bayarwa a madadin koyarwa. Idan an ba ki gurbi babu tallafi, ki gode musu ki bar shi.

Ana rufe karɓar takardu daga Disamba zuwa Janairu, a fara karatu a Agusta ko Satumba. Za su nemi wasiƙun shaida uku daga malamanki, takardar bayanin manufa, da samfurin rubutu na shafi 15 zuwa 25. Jarrabawar GRE, ta shiga karatun gaba da digiri, akwai ta adabi da aka daina tun 2021, ta gama-garin ma sassa da yawa sun yafe. Batun jarrabawar ƙwarewar Turanci, IELTS ko TOEFL, kuwa kowace jami'a da dokarta, wasu na yafe wa 'yan Najeriya, sai ki duba ɗaya bayan ɗaya, ki kuma tambaya ko suna yafe kuɗin fam.

Samfurin rubutun nan shi ne komai. A nan mutanenmu ke faɗuwa. Sai mutum ya yanko babi na ɗaya na kundin digirinsa ya tura, da manufar bincike da farfajiyar bincike da muhimmancin bincike, shafi goma ba a taɓa littafin ba. Masu tantancewa so suke su ga kin ɗauki sakin layi guda a labari, kin zauna a kansa, kin nuna abin da kalmomin ke yi, kin kafa hujja tun shafin farko. Takardar manufa kuma kada ki fara ta da cewa tun kina ƙarama kike son karatu. Faɗi tambayarki, da malamai biyu ko uku na sashen da aikinsu ya dace da ita. Kuma Hausarki jari ce: galibin sassa suna sharɗanta iya karanta wani harshe ban da Turanci, kuma ana iya roƙon a karɓi Hausa ko Larabci idan bincike ya dogara a kansu. Ki leƙa sashen nazarin al'adun Afirka na Jami'ar Wisconsin a Madison, ba lallai sai mai suna Turanci ba. Sai dai dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun yi ta sauyawa tun 2025, ki bincika halin da ake ciki kafin ki kashe ko sisi.

Wani ɗan uwa daga Ingila:
Nan mastas shekara ɗaya ce, amma tsada ba a magana. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, na biyan komai kuma ba ta ware fanni ba, sai dai tana neman gogewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800, kuma dole a koma gida shekara biyu bayan an gama. Koyarwar da kike yi tana shiga lissafi. Abin da ya fi shafarki Malama: tun Janairun 2024 mai mastas na aji ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa. Ku zauna da maigida a kan wannan tun da wuri. Jami'ar SOAS a Landan ta daɗe da nazarin Hausa, Leeds kuma ta yi suna a adabin ƙasashen da Ingila ta mulka.

Wani mamba:
Ni fa ku bar ni in faɗi gaskiya. A gama duk wannan a yi aikin me? Jami'o'in gwamnati ba kullum suke ɗaukar malamai ba, a Amurkar ma guraben koyar da adabi sun ragu tun rikicin tattalin arziƙi na 2008. Da ni ne, ɓangaren harshe zan bi, ko in yi PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri. Sun fi kasuwa.

Wata 'yar uwa:
Malam akwai gaskiya a zancenka, amma ita adabi ta ce tana so. Wanda ba ya son nahawu da ilimin furuci ka tura shi can, a zango na biyu zai gudu. Ni a gida na yi nawa, a wata jami'a da ba zan ambata ba. Darussan aji ba su ba ni wuya ba, kundi ne ya tsufar da ni. Sai in kai babi, in dawo bayan watanni in tarar da shi a inda na ajiye, ƙura ta rufe fayil ɗin. Ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, wata takwas cur. Shawarata, kafin ki zaɓi take ki tambayi ɗaliban da ke gabanki wane malami ne ke karanta aiki ya dawo da shi da jan biro. Shi za ki yi addu'ar samu, ko da yana da zafi. Kuma idan kin samu aiki a makarantar gaba da sakandare ta gwamnati, asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na ɗaukar nauyin karatun malamai, amma na ma'aikata ne kaɗai.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri. Barin yaro shekara guda zai yi mini wuya, don haka zuciyata ta fi karkata ga gida. Anti, idan na yi mastas a nan, ban rufe wa kaina ƙofar waje ba? Baba, saura batun littattafan Hausar.

Ɗalibar Amurka:
Ko kaɗan. Babi mafi kyau na kundinki shi zai zama samfurin rubutun, malamanki kuma za su san ki sosai har wasiƙarsu ta yi nauyi. Illa dai a nan Amurka za ki sake zaman aji wajen shekara biyu ko da mastas ɗinki. Ki kuma sa ido kan shirin Fulbright na masu taimaka wa koyar da harsuna, yana ɗaukar malaman Turanci daga Najeriya su koyar da Hausa na shekarar karatu ɗaya. Ba digiri ba ne, amma za ki zauna a azuzuwansu ki ga yadda suke yi.

Malamin jami'a:
Ya danganta da sashe 'yata. Wasu za su ce littattafan da ake nazari su zama na Turanci zalla, ki tafi sashen harsunan Najeriya da na Hausar. Wasu za su yarda idan aikin kwatance ne kuma na Turancin sun fi rinjaye. Ki je da ƙafarki wajen mai kula da karatun gaba da digiri na sashen, da shafi biyu a rubuce, ki tambaye shi kafin ki biya kuɗin fam. Idan sun yarda, ke za ki fassara duk abin da kika ɗauko, ki ajiye Hausar a sama, fassarar a ƙasa, kuma ki roƙi a haɗa ki da mai duba aiki na biyu daga sashen Hausa. Littattafan ma ki fara tara su yanzu, don tsofaffin bugun ba sa daɗewa a kasuwa, kuma mai jarrabawa na waje zai nemi shekarar bugu da lambar shafi. Idan kin rubuta shafi biyun, turo su nan mu duba.