Kwana uku a Istanbul: yaya za mu tsara zagayen tsohon gari?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Za mu yada zango a Istanbul ni da mahaifiyata, daga Lahadi zuwa Talata. Muna son ganin Ayasofiya, fadar Topkapi, babbar kasuwa da kabarin Sahabi Abu Ayyub. Hajiya tana fama da gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya. Wace unguwa ya kamata mu sauka, kuma da me za mu fara?

Mai Taswira:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki fara duba ranakun rufewa, domin kwanakinku uku kowanne da wurin da yake a kulle: babbar kasuwa ba ta ci ranar Lahadi, fadar Dolmabahce tana rufe Litinin, Topkapi kuma Talata. Wanda ya bar Topkapi sai ranar ƙarshe, ya tafi bai gan ta ba.

Ku sauka a Sultanahmet ko Sirkeci, kusa da layin tiram (jirgin ƙasa mai bin titi) na T1. Shi ne ya ratsa tsohon gari, ya bi ta Beyazit da Sultanahmet da Eminonu, ya haye gadar Galata har Kabatas. Ku sayi katin Istanbulkart a na'urorin tasha ku zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga tiram, bas da jirgin fito.

Lahadi ku ba Topkapi safiya gaba ɗaya, ku isa kafin a buɗe. Kuna shiga kada ku tsaya kallon ɗakunan girki, ku miƙe zuwa farfajiya ta uku inda ɗakin amanoni masu tsarki yake, wanda aka ajiye mayafin Annabi (SAW) da takubban da ake jinginawa ga sahabbai. Layin nan ne yake fara tsawo, zuwa hantsi sai a yi ta tsayuwa, kuma tsayuwa ta fi tafiya cin gwiwa. Bayan azahar sai Ayasofiya da masallacin Sultan Ahmad, suna fuskantar juna, fili ɗaya ne tsakaninsu.

Litinin kasuwa da masallacin Sulaimaniyya da safe, Abu Ayyub da yamma. Talata ku haye ruwa zuwa fadar Dolmabahce.

Baƙon Santambul:
Tsarin Malam ya yi, amma akwai abin da ya kamata Hajiya ta sani game da Ayasofiya. An gama ginin a 537 a matsayin coci, ya zama masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, ya koma masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 an raba ƙofa biyu: 'yan yawon buɗe ido na ƙasashen waje suna yankar tikiti su hau bene ta wata ƙofa daban, masu salla kuma suna shiga ƙasa kyauta. Hanyar benen hawa ce ta dutse mai lanƙwasa, duwatsun sun sha sawu har sun yi santsi. Mai ciwon gwiwa gara ta zo da alwalarta gab da la'asar, ta shiga sashen mata, ta yi salla a nan ƙasa. Ku riƙe leda ta saka takalma.

Sai maganar tudu. Garin a kan tsaunuka yake, taswirar waya kuwa ba ta nuna hawa. Za ta ce miki mintuna goma daga Eminonu zuwa Sulaimaniyya, ba za ta ce hawa ne tsaye ba. Ku juya hanyar: ku sauka tiram a Beyazit, ku shiga kasuwa, ku fito ku bi gefen jami'a zuwa masallacin, wanda magini Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557. Daga bayansa ana hango ruwa da rabin gari, ba ko sisi. In Hajiya ta huta, sai ku gangara Eminonu.

A kasuwar, ku riƙe suna da lambar ƙofar da kuka shiga. Tituna sun kai sittin, shaguna wajen dubu huɗu, duk sun yi kama da juna.

Mai Taswira:
Haka ne. Daga Eminonu kuma akwai tiram na T5 da yake bin bakin ruwa ta Fener da Balat har Eyupsultan, inda kabarin yake. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya daga tasha zuwa masallacin. Na sa shi Litinin ne domin Juma'a da Lahadi mutanen gari suna cika wurin. Balat ku gan ta ta taga kawai. Gidajen nan masu launi da ake ɗaukar hoto suna can saman tudu.

Hajiya Mai Biza:
Ni dai zan ce ku bar Dolmabahce, ƙanwata. Fada ce ta 1856 da aka yi da salon Turai, akwai matakala da yawa, kuma wanda ya ga Topkapi shekaranjiya zai ji kamar maimaici. Ku shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar, bai kai rabin awa ba, Hajiya tana zaune tana kallon hasumiyoyin tsohon gari ta cikin ruwa, ga shi kun taka nahiyar Asiya da kuɗin katin nan. Masu tare mutane a bakin gaɓa suna tallar yawon mashigin ruwan Bosforas na 'yan kasuwa ne, ku wuce su zuwa ƙofar da ake ɗora kati.

In kina son hasumiyar Galata ta 1348, kada ku hau da ƙafa daga unguwar Karakoy. Ku shiga Tunel, ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa da yake aiki tun 1875, ya kai ku sama, ku gangaro. Lif ɗin hasumiyar bai kai ƙoli ba, akwai ragowar matakala, don haka Hajiya ta jira ki a ƙasa.

Tasi kuwa, sai an kunna mita. Ki faɗi darajar takardar kuɗin da baki lokacin miƙawa, domin akwai masu musanya babba da ƙarama su ce ita kika bayar. In mai shushaina ya yar da buroshi a gabanki, ki wuce abinki.