Musayar Waƙa: Kayan Gida da Ƙaramin Aljihu

Sabon Ɗan Haya:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kama hayar ɗakuna biyu waɗanda babu komai a cikinsu sai bango da ƙofa, abin da na tara kuwa ba zai kai rabin abin da ido yake so ba, shi ya sa na zo da tambayata cikin baitoci, ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "ya".

Na kama ɗaki, babu ko tabarma,
Abin da na tara kuma bai da girma,
Ku ba ni shawara, iyaye, alfarma,
Da me ya kamata in fara sayen kaya?

Na ga kujeru masu sheƙi a kanti,
An lulluɓe su da yadi da fenti,
Mai su ya ce in ɗauka cikin minti,
Kuɗin kuwa wata-wata zan riƙa biya.

Zuciya ta ce ɗauka, hankali ya ƙi,
Tun daren jiya su biyu suke yaƙi,
Shin akwai mai ƙarko da ke da sauƙi,
Ko kuwa araha kullum tana tafe da wuya?

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Yawancin abin da ake kawo mini gyara kayan da aka saya da ido ne, hannu bai taɓa ba.

Ɗana, ka bar sheƙi, ka duba katako,
Fenti mayafi ne, ba shi ke ba da ƙarko,
Ka kifa kujera ka leƙa tun farko,
A ƙarƙashinta ne ake ganin gaskiya.

Akwai allon da garin katako ne zalla,
An dama shi da gam, an matse, an ƙulla,
An manna masa fuska don ido ya kalla,
In ya kumbura da ruwa, ba ya komawa baya.

Ban hana ka shi ba, shi ma yana da rana,
A busasshen wuri yakan daɗe ya kwana,
Amma in ka kwance ƙusarsa, ɗana,
Ramin ba ya sake riƙe ta kamar jiya.

Ɗanyen katako kuwa, ka tsaya masa nesa,
Yana bushewa tsaga za ta keta jikinsa,
Haɗin ya saki, ya tofar da ƙusa,
Ƙofar kabad ta ƙi rufuwa, ta juya.

Ka zauna a kai, ka girgiza, ka saurara,
Kujerar kirki ba ta kuka ko ƙara,
In ka ga huji da gari, ƙwaro ne ko gara,
Ko kyauta aka ba ka, ka bar ta a hanya.

Uwargida Mai Tanadi:

Baba Kafinta ya yi magana irin ta mai sana'a, Allah ya ƙara girma, sai dai ya tsaya a kan kujera, alhali yaron nan cewa ya yi da me zai fara. Ƙanena, ni a wurina kujera ce ta ƙarshe.

Kujera ta baƙo ce, mai zuwa da wucewa,
Ya zauna kaɗan, ya tashi yana yabawa,
Kai kuwa awa 8 kake shafewa
Cikin 24 a kan katifa, wurin kwanciya.

Don haka kaso mafi tsoka nata ne,
Soso mai nauyi shi mai daɗewa ne,
Marar nauyi kuwa gobe rami ne,
Zai lotsa ya bar ka da ciwon baya.

Kauri kaɗai bai nuna ƙarko ba,
Tauri ma, ƙanena, ba shaida ce ba,
Ka ɗaga biyu masu girma ɗaya ka duba,
Wadda ta fi nauyi ita za ka saya.

Tukunya biyu masu kaurin gindi
Sun ishi mutum guda in akwai tanadi,
Siririya tana ƙona girki, ta ɓata daɗi,
Ta lotsa, ta huje, a koma neman tukunya.

Kaskon da aka shafe don kada ya kama,
Cokalin ƙarfe yana kankare shi daga sama,
Na baƙin ƙarfe kuwa, in ka samu dama,
Shafa masa mai, har jikoki su ci moriya.

Wannan magana ta tukunya a jikina na koya, domin na taɓa sayen seti mai guda 12 saboda an ce an yi ragi, yau kuwa guda 3 kawai nake ɗorawa a wuta, sauran suna nan cikin kwalinsu suna cin wuri.

Mai Son Gwanjo:

Yaya, ke da Baba duk kun manta da kayan hannu, alhali a can ne mai ƙaramin ƙarfi yake samun katako na gaske da kuɗin da ba su isa sayen sabon allon gari ba. Ni ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, na iya, a yi mini haƙuri.

Teburin da ya shekara 20 bai karye ba
Ya riga ya ci jarrabawar duniya.

Mai ƙaura ba ya son ɗaukar nauyi,
Sai ya karya farashi don ya rage kaya.

Da samfefa da ɗan gwangwanin fenti,
Tsohon kabad zai fito kamar amarya.

Uwargida Mai Tanadi:

Na yarda da kai kan tebur da kanta,
Waɗanda sabulu ke raba su da ƙazanta,
Amma katifar hannu kada ka kusanta,
Kuɗin cizo a ɗinkinta yake ɓuya.

Yakan yi watanni bai sha jini ba,
Yana nan da ransa, bai kuma tafi ba,
Baƙin ɗigo a bakin ɗinki ka duba,
In ka gan shi, arahar nan ta zama tsiya.

Tsohon Kafinta:

Tun da an ambaci samfefa, bari in ƙara abu biyu da suka shafi lafiya.

Wani tsohon fenti yana ɗauke da dalma,
Ƙurarsa guba ce ga yaro da babba ma,
Ka jiƙa shi kafin gogewa, a waje kuma,
Ka rufe hanci, yara su tsaya can baya.

Dogon kabad a ɗaure shi jikin bango,
Ko sabo ne, ko tsoho na kango,
Yau kai kaɗai ne, gobe ka zama ango,
Yaro ya hau durowa, ya rufto masa gaba ɗaya.

Malamin Lissafi:

Har yanzu babu wanda ya taɓa maganar biyan wata-wata, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan tambayar.

Bashi hanji ne, an ce yana cikin kowa,
Amma ka ɗauki biro kafin amincewa,
Kuɗin wata da yawan watanni kake ninkawa,
Ka cire farashin kuɗi-hannu, abin da ke ragewa
Shi ne tarar gaggawa da za ka biya.

Ka sa ladan mota da na masu ɗorawa,
Da na wanda zai zo ya yi aikin haɗawa,
Ka tambayi tarar ranar makarawa,
Domin akwai yadin da ke riga bashin ƙarewa,
Kana biya, kujera ta riga ta sha wuya.

Sabon Ɗan Haya:

Na gode, iyaye, Allah ya saka da alheri. Kafin in koma wurin mai kujerun na ari tef na auna ƙofa da lungun da ake bi a shiga ɗaki, sai na tarar da doguwar kujerar nan ba za ta iya shan kwanar ba ko da an cire mata ƙafafu, don haka ciniki ya mutu tun ba a fara shi ba.

Na sayi katifa, nauyinta na gwada,
Da tukunya biyu, kamar yadda Yaya ta faɗa,
Tebur na hannu, na leƙa babu huda,
Da kujerun roba biyu don masu zuwa gaisuwa da godiya.

Sai dai, Baba, teburin nan yana rawa,
Ƙafa guda ce ba ta ƙasa taɓawa,
Shin sauran ukun zan kama yankewa,
Ko akwai dabarar da ba ta da wuya?

Tsohon Kafinta:

Ajiye zarto, ɗana, kada ka yanke,
Matsa shi wani wurin ka gani in ya miƙe,
Sau da yawa daɓen ne yake a karkace,
In ƙafar ce, manna mata ɗan katako da gam, ka danne ya kwana ɗaya.