Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: wa ake nufi da raɓar?

Ummu Hafsa, Gadarif:
Assalamu alaikum iyayenmu. Tun da yaƙi ya koro mutanen Khartum da Madani zuwa nan, karin maganar nan ta "baƙo raɓa, ɗan gari kaba" ta yi yawa a bakin matan unguwarmu. Da an ɗan saɓa da 'yan haya sai a jefo ta. Ni dai ba ta kwanta mini ba, don mu ma Hausawa da baƙi ake kiran mu a ƙasar nan ta Sudan. Mene ne ainihin manufarta?

Baban Almajirai, Mai Wurno:
Wa alaikumus salam 'yata. Raɓa da asuba take sauka, ta jiƙa ciyawa, kafin hantsi ka neme ta ka rasa. Kaba kuwa ganyen goriba ce tun tana ƙasa. Ki sare ta ki yi tabarma, gobarar daji ta bi ta kanta, damina na faɗuwa ta sake tohowa, don saiwarta ta yi nisa. Magabata ba baƙo suke zagi ba. Mai masauki suke ja wa kunne: kada ɗokin wanda zai kwana biyu ya tafi ya sa ka ɓata da maƙwabcin da zai ɗauki gawarka. Su ɗin dai ne suka ce baƙo rahama.

Injiniya, Damazin:
Allah ya gafarta Malam, fassararka ta yi daɗi, amma ba haka ake amfani da ita ba. Wanda duk ya faɗe ta yana nufin ni ne mai wuri, kai kuwa ka jira rana ta fito ka bushe. Ma'anarta ce aka karanta mana da Larabci a watan Yulin 2022. Hausawan jihar Nil Azraƙ sun nemi sarautar gargajiya tasu, aka ce baƙo ba ya da ƙasa balle sarauta. Sama da mutum 100 suka mutu a wannan watan, a Rusairis da kewaye. A watan Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, sama da 200. An kashe namu, an kashe na maƙwabta. Shagon kawuna toka muka tarar, ƙarfen sikeli kaɗai muka gane. Mutumin da aka haifi kakansa a bakin kogin nan!

Baban Almajirai:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ɗana, ai ka ba ni hujja ne. Raɓar da ta wuce shekara 100 ba ta bushe ba, ta tashi daga raɓa. An yi yaƙin Burmi a 1903, Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a har suka kafa garin da nake zaune, kusa da Sinnar. Kafin su ma mahajjata sun daɗe suna bin hanyar nan da ƙafa, wasu su yi noma shekara da shekaru suna tara guziri, har zama ya kama su. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun wa ya tsinci audugar? Karin maganar tana bayanmu, mu ne kabar.

Injiniya:
A wurinka, Baba. A ofishin jinsiyya, mai ba da takardar zama ɗan ƙasa, fa? Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa ta yi sai kakanninka na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar Mai Wurno sun iso bayan wannan da 'yan shekaru, sai ga su a waje. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma zukata ba su bi ta ba. Har yau mai suna irin namu shi ake cewa ya kawo shaidu a kan shaidu. Ma'aikatan da ke zaune a kambo, wato sansanonin leburorin gona, a Jazira kuma, wasu jikoki ne na waɗanda suka fara aikin, ba su mallaki filin da ɗakinsu yake kai ba. Matsalar karin maganar ita ce ba ta faɗi wanda ke yanke hukuncin wane ne raɓa ba. Mai ƙarfi ne ke yankewa.

Hajiya Inna, Kasala:
Ku tsaya ku ji ta bakin tsohuwa. Laifi tudu ne. Mu da ke kukan an ce mana Fallata da Takari cikin raini, me muke kiran Bahaushen da ya zo daga Nijar ko Najeriya bara? Ko mun taɓa ba shi 'ya ba tare da an yi ta ƙunƙuni ba? Sunayen da muke kiran mutanen duwatsun Nuba da 'yan Kudu a cikin gidajenmu kuwa, ba zan rubuta su a nan ba, kowa ya san su. Ummu Hafsa ta ce matan unguwarsu ne ke faɗa wa 'yan gudun hijira wannan magana. Hausawa ne fa, ba wasu ba.

Ɗan Mai Agashe, Bur Sudan:
Hajiya ta gama magana. Ni abin da ke ba ni dariya, layi ake yi gaban tukubar babana da magariba, kowa na cewa a ƙara masa yaji da albasa, agashe, wato tsirenmu, ya zama abincin Sudan. A'isha Falatiya, mawaƙiyarmu, ta shiga Rediyon Omdurman tun shekarun 1940, lokacin da ake ganin waƙar mace a fili abin kunya, yau ana lissafa ta cikin iyayen waƙar ƙasa. Namanmu da muryarmu 'yan gari ne, mu ne dai ba mu zama ba tukuna. Kuma na san gidajen da ake hana yara Hausa a kan titi don kada a gane su.

Baban Almajirai:
Wannan na ƙarshen ya fi komai ciwo. Duk da haka ban yarda a jefar da karin magana don wani ya yi ɓarna da ita ba. A faɗe ta inda ta dace: ga wanda ya yi sabon aboki ya manta da tsoho.

Injiniya:
Ka faɗe ta a can Baba, ba na ja. Amma duk wanda ya faɗe ta a kan mutumin da yaƙi ya kora daga gidansa, ko a kan wata ƙabila, zan tanka masa ko da ya haife ni. Wani abu kuma: masu tsofaffin takardu a gida, rasit na haraji ko na gona ko takardar haihuwar kakanni, ku ɗauki hotonsu ku adana a waya. Namu na cikin akwatin kawu a shagon.